Ƙarar Harbi a Ɗakin Yafet

Kafanchan, 9 ga Fabrairu

Yaya Kumai,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da aikin gyaran kwamfuta a Mararaba. Mama tana lafiya a Zonkwa, ƙafar ce dai ke damunta. Na ga Kawu, babanka, a coci ranar Lahadi, ya ce in na same ka in gaya maka ɗa nagari yana tuna hanyar gidan ubansa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Malam Ƙasimu direba. Ba ni da waya yanzu. Mijina Yafet ne ya buga ta da bango har batirin ya faɗa cikin tukunyar miya. Laifin wayar shi ne abokinsa Justin ya kira ta yana tambayar jikinsa.

Ka ji abin da ya faru a Disamba, amma ba ka ji duka ba. Suna dawowa daga Kagoma, inda suka je taya uwar Yafet tonon citta, Justin yana tuƙa mashin, Yafet a baya. Wasu mutum huɗu suka fito daga daji da adduna. Justin ya kauce, mashin ya yi tsalle, Yafet ya faɗo. Justin bai tsaya ba. Yafet ya ce ya ɗaga hannun hagu don ya kare kansa, addar ta sauka sau biyu. Ya ga yatsunsa uku a kan ƙasa kafin ya ji zafi. Babban yatsa da ƙaramin ne suka rage. Justin ya dawo da mutane bayan rabin awa, amma Yafet ya ce rabin awar nan ta ishi mutum ya mutu sau goma.

Tare suka buɗe shagon wasan kwamfuta na kusa da tasha, tare suka girma, Justin ne abokin ango a bikinmu. Yanzu an rufe shagon, kayan suna ɗakinmu na baya. Ba a ambaton sunan Justin a gidan nan. Kowace safiya Yafet yana zama a kan turmi, ya danne adda da gwiwa, yana wasa ta da hannu ɗaya. Na ce, "Maigida, damina da saura fa." Ya ce, "Wanda zan nome ba ya jiran damina."

Yaya, tsoro nake ji zai kashe shi.

Abu ɗaya na gani da ya ba ni zuciya. Shekaranjiya ya kunna kwamfutarsa, wasan sojojin nan da babu wanda ke cin Yafet a cikinsa a garin nan. Fuskarsa ta dawo ta mutumin da na aura. Amma wasan yana so a riƙe maɓalli ɗaya a danne don sojan ya yi tafiya, a riƙe wani don ya yi gudu, ga wasu kuma na kaucewa. Da yatsa biyu ba zai yiwu ba. Sojansa ya tsaya a fili kamar rago, aka harbe shi sau bakwai. Ya ɗauki kibod ɗin ya karya shi a gwiwarsa, maɓallan suka watsu har ƙarƙashin gado.

A littattafan da nake karantawa, in namiji ya dawo da rauni, matar takan nemo abin da yake ƙauna ta miƙa masa, sai zuciyarsa ta huce. Na san za ka yi dariya, kai da kake ɓoye mini su muna yara. Amma ka taɓa cewa kwamfuta tana yin duk abin da aka rubuta mata. Ba za a iya rubuta mata ta riƙe masa maɓallan ba? In ya samu abin yi a ɗaki, watakila zai bar addar.

Ƙanwarka,
Afiniki

Mararaba, 15 ga Fabrairu

Afiniki ƙanwata,

Na samu takardarki, na gode wa Allah da kike da rai da lafiya. Ni ma lafiya. Ki gaya wa Baba zan zo Ista.

Ban yi dariya ba. Mutumin da ya fasa waya yau, ban san abin da zai fasa gobe ba. In ya taɓa ki ko da da yatsa ne, ki hau mota zuwa Zonkwa, kada ki tsaya ɗaukar kaya. Kuma ki gaya wa fasto maganar addar.

Abin da kika tambaya mai sauƙi ne. A cikin ambulan akwai filas na kwamfuta, a ledar kuma kibod ne na hannu amma mai kyau. A filas ɗin akwai 'yar manhaja da zai saka, da wani ɗan rubutu mai layi goma sha biyu. Rubutun yana gaya wa kwamfuta cewa: in an taɓa maɓallin F1 sau ɗaya, ki danne W, maɓallin tafiya, ki riƙe, kada ki saki sai an sake taɓa F1. F2 kuma haka yake yi wa maɓallin Shif, wato na gudu. Ƙaramin yatsansa ya isa. Sauran maɓallan kaucewa zai taɓa su da babban yatsa, hannun dama yana kan maus kamar da.

Ki gane abu ɗaya. Kwamfutar ba ta san ko akwai mutum a gabanta ba. Da zarar ya taɓa sau ɗaya, sojan zai yi ta tafiya ko da Yafet ya tashi daga kujera, har sai an dawo an tsayar da shi. In yana son wani maɓallin, ya kwafi layi huɗu na farko ya canja harafin, ya san aikin.

Ki rubuto mini yadda ake ciki.

Yayanki,
Kumai

Kafanchan, 2 ga Maris

Yaya Kumai,

Ina gaishe ka da murna. Muna lafiya, Mama ta samu sauƙin ƙafa. Allah ya sa wa hannunka albarka.

Ya yi aiki, Yaya. Da na ajiye masa ledar ya ce, "Ɗan kawun naki yatsu ya aiko mini?" Na ce ya gwada dai. Kwana biyu bai taɓa ba. Rana ta uku ina tankaɗe, sai na ji harbi daga ɗakin baya, na ji shi yana cewa, "Zo nan, ɗan banza, ina za ka." Na leƙa. Ya taɓa F1 da ɗan yatsan, sojan ya miƙe hanya shi kaɗai, shi kuma yana juya bindiga da dama. Ya bi wani har cikin rumbu, ya harbe shi a ƙafa, ya bar shi yana jan ciki, sannan ya matsa ya ƙarasa shi a ka. Jini ya fantsama a fuskar kwamfutar. Ban so kallon ba, amma ya juyo ya yi mini murmushi, na farko tun Disamba.

Maganarka cewa sojan zai yi ta tafiya ko da ya tashi, ita ta fi yi mini daɗi. Na ce masa to ba shi da hujjar ƙin fitowa mu ci abinci tare, ya bar sojan ya yi yawonsa. Ya dube ni ya ce, "Sake karanta mini wurin." Na sake. Ya ce lallai yayana yana da kai. Ranar tare muka ci tuwo a tabarma ɗaya, har ya bari na wanke masa hannun mai ciwon.

Ban gaya wa fasto ba tukuna. Ina ganin babu bukata, don kwana tara ke nan bai wasa addar ba, ban ma ganta a tsakar gida ba. Bai taɓa ni ba. Sau ɗaya ne ya riƙe mini wuya ya manna ni da ƙofa, lokacin da na ce Theresa matar Justin ta gaishe ni a kasuwa. Ya sake ni da sauri, ya yi kuka daga baya. Kada ka gaya wa Mama.

Ya ƙara nasa layin a rubutun. Yanzu F3 yana riƙe masa harbi, ya ce hannun dama yana gajiya. Akwai wani fili a wasan inda ake koyon saiti, harsashi ba ya ƙarewa, can yake wuni. Ya haɗa babbar sifikar shagon. Maƙwabciyarmu Rabi'a, mai sayar da ɗanwake a ƙofar gida, ta ce, "Amarya, mijinki ya buɗe bariki ne? Kajina sun daina ƙwai." Na ce gara kajinta su daina ƙwai da ya fita. Ta ce, "Wannan gaskiya ne, a bar shi ya kashe na cikin akwati."

Ina zama a gindin mangwaro da littafina, harbin yana tashi, ni kuwa kamar waƙa nake jin sa, don muddin ina jin sa na san inda mijina yake. Ina ganin mun kai wurin da labari ke juyawa. Har na fara tunanin sunan da za mu sa wa ɗa in Allah ya kawo.

Ƙanwarka,
Afiniki

Mararaba, 7 ga Maris

Afiniki,

Lafiya lau nake, ina fata ke ma haka.

Takardarki ba ta kwantar mini da hankali ba. Mutumin da ya manna ki da ƙofa ya taɓa ki. Ban san wane suna kike so a ba abin ba.

Na biyu. Hannunsa na dama lafiyarsa ƙalau, shekara nawa yana harbi da shi bai gaji ba. Ba mai wasan da ke so a riƙe masa harbi, don ɓata saiti yake yi. Abin da F3 zai yi kawai shi ne ya sa ɗakin ya yi ta ƙara ba tare da kowa a ciki ba. Ban rubuta miki wancan layin don ki ji daɗi ba, gargaɗi ne. Kada ki dogara da kunnenki, ki riƙa leƙa shi da ido. Kuma ina addar ta tafi? Ki neme ta yau, ki kai wa fasto.

Kumai

Kafanchan, 18 ga Maris

Yaya Kumai,

Ina gaisuwa. Jikina lafiya. Ban san yadda zan ce sauran ba.

Takardarka ta bakwai ga wata jiya ta iso. Motar Malam Ƙasimu ta lalace a hanya, ta yi kwana tara a gareji da takardar a aljihun gabanta. Da ta zo a kan lokaci.

Ranar Asabar da hantsi Yafet ya ce zai yi dogon wasa, kada in dame shi ko da abinci. Ya kulle ɗakin baya ta ciki. Harbi ya fara. Na yi wanki, na shanya, na zauna da littafi. Wajen ƙarfe uku na lura harbin ba ya numfashi. In mutum ne yana tsayawa, yana zagi, yana dariya. Wannan kuwa kamar injin niƙa. Na ƙwanƙwasa, shiru. Na zagaya ta lungu, na tarar da ƙofar baya a saye kawai.

Kujerar ba kowa. Sojan ya dangana da wani bango, ƙafafunsa suna gudu a wuri ɗaya, bindigar tana ta zuba wuta a bangon. A ƙasan tebur na ga jaridar da ashe ya naɗe addar a ciki, a warware.

Yaya, ban yi ihu ba, ban fita neman kowa ba. Na ja ƙofar yadda na same ta, na koma gindin mangwaro na buɗe littafin. Na ce wa kaina watakila iska ya je sha. Awa biyu ina kallon shafi ɗaya. Wannan laifin nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Kafin biyar harbin ya canja, ya fara tsayawa yana tashi. Sai ya buɗe ƙofa ya fito da wata riga daban, ya ce yunwa yake ji. Ya cinye tuwo malmala uku. Akwai jini a ƙarƙashin farcen babban yatsansa na dama.

Mata masu itace ne suka tsinci Justin a gonarsa ta bayan layin dogo, inda ya je shara. Ta baya aka same shi. Sara ɗaya a kafaɗa har ƙashi, ɗaya a gefen kai, kunnen ya tafi. Sannan aka ɗora hannunsa na hagu a kan kututture aka sare yatsu uku. Yana asibiti, bai farfaɗo ba.

Ranar Litinin 'yan sanda biyu suka zo, don kowa ya san maganar da ke tsakaninsu. Yafet ya ɗaga musu hannun ya ce, "Da wannan? Ko wando sai matata ta ɗaure mini." Rabi'a ta taso daga kan ɗanwakenta ta ce, "Ranka ya daɗe, tun hantsi har la'asar mutumin nan yana ɗakinsa yana hana mu sakat. Na rantse da Allah." Da zuciya ɗaya ta rantse, abin da ta ji ta faɗa. Masu shago biyu ma suka ce haka. Ɗan sandan ya juyo gare ni, "Madam fa?" Na ce ni ma na ji harbin. Suka tafi.

Da suka fita ya kama haɓata da yatsun nan biyu ya matse har na ji haƙorina ya yanki kumatuna. Ya ce, "Kin ji harbi. Shi ke nan abin da kika sani."

Ni da kai ne kawai muka san abin da rubutun nan yake yi. Ka ƙona takarduna, Yaya. Ko kada ka ƙona. Ban sani ba. Mijina ne.

Afiniki

Mararaba, 20 ga Maris

Afiniki,

Na karanta a tsaye a tasha, ina ba Malam Ƙasimu amsar hannu da hannu.

Ba zan ƙona komai ba. Ni na rubuta layukan nan, in an tambaye ni zan faɗi aikinsu. Amma ba zan riga ki magana ba, don kina kwana gida ɗaya da shi. Ki fita tukuna. Ki ce za ki duba ƙafar Mama. Ranar Litinin zan sauka a Zonkwa, in kin yarda mu je wurin 'yan sanda tare.

Malam Ƙasimu ya ce garin ba daɗi. Ki kula.

Kumai

Zonkwa, 22 ga Maris

Yaya Kumai,

Ina gaishe ka daga ɗakin Mama. Tana lafiya, ni ma da sauƙi. Ba sai ka nemi izini a wurin aiki ba, abin ya riga ya faru.

Tunda an ce ba Yafet ba ne, sai gari ya nemi wanda za a ce. Aka ce mutanen da suka tare su Yafet a hanya a Disamba ne suka shigo har bayan layin dogo, daga nan aka ce akwai masu ba su masauki a cikin kasuwa. Ranar Alhamis samari suka taru a bakin layinmu da gorori da galan na fetur. Wani ya harbe tukunyar Rabi'a da ƙafa, ruwan zafin ya zube mata a ƙafafu. Ta shigo gidanmu da gudu da 'yarta Zamzam a goye, ta ce, "Amarya, ɓoye mu." Na sa su a ɗakina ina zuba mata ruwan sanyi, fatar tana tashi. Yafet yana ɗakin baya yana wasansa. Na shiga na ce, "Maigida, za su ƙona mutane a kan abin nan." Bai juyo ba. Ya ce, "Rufe mini ƙofa."

Na ɗauki gyalena na fita ta cikin samarin, na tafi asibiti. Fasto yana wurin da dattawa biyu. Theresa ta rungume ni ta ce, "'Yar'uwa, ki yafe mini, da farko mijinki na zarga." An naɗe kan Justin, ba a ganin komai sai baki da hanci. Na ce, "Theresa, shi ne." Na faɗa musu kujerar, da sojan, da jaridar, da farcen. Ta mare ni sau biyu, leɓena ya fashe. Ban kare ba. Fasto ya shiga tsakani, sannan ya hau mashin da dattawan suka tafi wurin samarin. Sai da suka yi awa guda suna magana kafin aka ajiye galan ɗin. Ba a ƙona ko rumfa ɗaya ba.

Ni na raka 'yan sanda gida. Na taɓa F1 da F3 a gabansu, na ɗaga hannuwana sama, suka tsaya suna kallon sojan yana aikinsa. An samu addar a cikin masai. Yafet bai yi gardama ba. Da za su sa shi a mota ya tsaya a gabana ya ce, "Ke kika kawo mini abin, ke kika kai ni." Duka biyun kuwa gaskiya ne.

'Yan sanda za su nemi bayaninka, na ba su sunan shagonku. Likita ya ce Justin ya motsa ƙafa jiya, amma bai yi alkawarin komai ba. An kai Rabi'a wurin 'yan'uwanta, ba ta yi mini magana ba da za ta tafi.

Mama ta ce kada in sake taka Kafanchan. Ranar Talata zan je in kai wa Yafet abinci da riga mai tsabta. Ban sani ba ko zai karɓa.

Ƙanwarka,
Afiniki